Ƙullutun da Ba Ya Zafi: Gargaɗi ga Masu Allurar Insulin a Damargu

Manomin gero a Damargu ya san gonar da ake nomawa shekara da shekaru ba hutu takan gaji, sai an bar ta saura. Fatar mai ciwon sukari ma haka take. Wanda yake soka allurar insulin safe da yamma a gefen cibiya ɗaya, wata rana zai shafa ya ji ƙullutu. Da yake allura ba ta zafi a wurin, sai ya riƙa komawa can. Nan tarkon yake.

Ƙullutun iri biyu ne. Na farko kitse ne mai laushi, yakan baje in an hutar da wurin. Na biyu mai tauri ne, likitoci na kiransa amiloyid. Shi insulin furotin ne. Idan ya daɗe yana taruwa a wuri guda, sai ya sauya siffa ya sarƙe kamar zaren da ya cukuikuye, jiki ya kasa narkar da shi. A Jamus aka fara bayyana wannan ƙullutu mai tauri a 1983. A 2009 likitan Japan Terumasa Nagase da abokan aikinsa suka laƙaba masa suna ƙwallon insulin, a 2014 kuma suka nuna cewa maganin da ke shiga jini daga cikinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na wanda lafiyayyar fata ke shigarwa. Ana tabbatar da shi ne da gwajin ɗan yankin nama, wani lokaci kuma sai tiyata ke raba mutum da shi.

Haɗarin baki biyu ne. Sukari ya ƙi sauka, sai a yi ta ƙara magani. Ranar da mara lafiya ya soka wannan adadin a sabon wuri, sukari ya faɗi warwas: gumi, makyarkyata, har suma. Ga mutumin ƙauyen Belbeji ko makiyayin arewacin Tanut, wanda babban asibitin Damagaram ya yi wa nisa, wannan maganar rai ce. Don haka wanda ya ga ƙullutu ya daina sukarsa, amma ya je likita a daidaita masa adadi tun a ranar.

Kariyar ba ta cin kuɗi: a zagaya tsakanin ciki, cinya, damtse da ɗuwawu, ana barin faɗin yatsa tsakanin suka da suka. A rage maimaita allura ɗaya. Zafin bazara yana lalata insulin, sai a ajiye kwalbar a inuwa, jikin randa mai sanyi.

Ku kuma malaman asibiti, kafin ku ƙara wa mara lafiya magani, ku ce masa: “Baba, nuna mini inda kake sokawa.” Ku sa hannu ku taɓa. Sau da yawa ba maganin ne ya gaza ba, gonar ce ta gaji.