Lissafin Tirela da A-kori-kura: Buhu Nawa Za Ta Ja?

Tambaya ta yi yawa a rumfuna a kan motocin a-kori-kura na hannu da ake shigo da su daga Amurka, masu ƙugiya a gindi. A can, wannan ƙugiya aikinta jan ɗaki mai taya ne, wanda iyali kan tafi hutu da shi, da gado da murhu da tankin ruwa a ciki. Mu nan masara da gero ne damuwarmu, amma lissafin ɗaya ne, kuma wanda ya kuskure shi jarinsa ne zai zube a kwalta.

Da farko a buɗe ƙofar direba a duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, a kuma nemi littafin motar. Motar Amurka da laba take ƙirga nauyi, kuma laba ɗaya ba ta kai rabin kilo ba, giram 454 ce. Wanda aka ce masa motar tana jan 7,700 ya zaci kilo ne, ya ninka wa kansa lodi fiye da biyu. Gaskiyarta kilo 3,500.

Wannan adadi ba da ka ake faɗinsa ba. Tun daga motocin 2015 manyan kamfanonin Amurka suke bin ƙa'ida guda mai suna SAE J2807. Cikin gwajin har da wani hawa na kimanin kilomita 18 kusa da madatsar Davis a jihar Arizona, cikin zafin da ya kai digiri 38, da na'urar sanyi a kunne. Amma fa a lura, ana lissafin ne da mutum biyu kacal a gaba, bodi babu komai. To wa ya taɓa ganin motarmu ta bar Dawanau bodi babu komai?

Bari mu buga misali da buhu mai kilo 100. A ce motar tana jan kilo 3,500, tana ɗaukar 1,000 a jikinta. Tirelar kanta, ƙarfe da katako da taya, a ce 700. Saura 2,800, wato buhu 28. Sai dai ba duk nauyin ke kan tayoyin tirela ba. Kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari yana sauka a kan ƙugiya, kuma motar ce ke ɗauke da shi. Wato aƙalla kilo 350 ya fita daga cikin dubun nan. Direba da yaron mota su cinye 150. Abin da ya rage wa bodi buhu biyar ne.

Nan ne inda da yawa ke tsayawa, alhali akwai adadi na uku: iyakar nauyin mota da tirela a haɗe. Idan littafi ya ce 5,850, motar kuma ita kaɗai 2,100 ce, a tara da 3,500, ya zama 5,600. Saura 250. Mutum biyu da jak da jarkar mai sun gama da shi, buhu biyar ɗin nan ma babu wurinsu. Duk adadin da aka fara cimmawa cikin ukun, shi ne iyaka. Ita ma ƙugiyar tana da nata adadi a buge a jikinta, wadda mai walda ya ƙera a gefen titi kuwa babu wanda ya auna ta.

Maganar birki ita ce ta fi tayar mana da hankali. Adadin 3,500 na tirela mai birkin kanta ne. Wadda ba ta da birki, a Ingila doka ta tsayar da ita a kilo 750 har da nauyinta, kuma littafin motoci da dama haka ya ce. Ja ba wuya, inji zai yi nishi ya ja. A gangara ake gane kuskure, lokacin da tan uku ke tura motar tan biyu daga baya.

Sai tsarin lodi. Buhunan su fi yawa gaban tayoyin tirela, kamar kashi 60 cikin ɗari. Idan aka jibge su a baya, ƙugiya ta yi sauƙi, tirela ta fara lilo hagu da dama da zarar gudu ya ƙaru ko babbar mota ta wuce. Mun taɓa yin wannan kuskure da dawa, don saurin lodi, muka kwana muna tsince ta a ciyawa. Idan kuma aka matsa su gaba ƙwarai, gindin mota ya zauna, goshi ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannu. In lilo ya fara, a saki totur a hankali, a riƙe sitiyari miƙe, kada a taka birki da ƙarfi.

Mu dai a namu ganin, kada a cika adadin littafi. Hanyoyin kasuwannin ƙauye ba irin wadda aka yi gwaji a kanta ba ne, motar kuma ta sha shekaru kafin ta iso hannunmu. Inda lissafi ya ba da buhu 28, mukan tsaya a 22, mu dawo mu kwashi sauran a sawu na biyu. A kuma ɗora buhu biyu ko uku a sikeli kafin lodi, don buhun da aka cusa aka ɗinke masa baki yakan haura kilo 100.