KAMA DA WANE BA WANE BA NE: BAƘON ƘWARO A LAMBU

Sau da yawa 'yan makaranta sukan tsinto wani ƙwaro a lambu su kawo wa malaminsu, su ce, "Malam, mene ne wannan?" Abin da aka saba shi ne a ce a take shi. To, muna roƙon malamai da akawuna masu lambu a bayan gida su dakata tukuna, don sau da yawa wanda aka take ɗin shi ne mai gadin lambun.

Da fari a duba bayansa. In yana da ƙafa 6, da fikafikai biyu masu tauri da suka haɗu a tsakiyar baya kamar an ja layi, to, dangin buzuzu ne. Masana sun rubuta irinsu wajen 400,000 a duniya, saboda haka ba wanda zai san su duka. Abin da mai lambu ke bukatar sani ɗaya ne, watau me ƙwaron ke ci.

Ga misali. Akwai wasu ƙwari biyu masu siffar ƙoƙo a kife, girmansu bai wuce ƙwayar wake ba. Na farkon bayansa sumul ne, yana sheƙi, da zanen baƙi da ja ko rawaya. Akan same shi a kan wake ko gyaɗa inda darɓa ta taru, gama ita ce abincinsa, yakan cinye gommai a yini guda. Darɓa kuwa ita ke yaɗa ciwon nan mai nannaɗe ganyen gyaɗa ya tsumburar da ita, wanda ya halaka gyaɗar ƙasar nan a 1975. Wanda ya kashe wannan ƙwaro ya kori mai gadi ke nan.

Na biyun ja-ja ne, da ɗigo baƙaƙe 12, shida a kowane fiffike. Ba ya sheƙi, don bayansa lulluɓe yake da gashi ƙanana ƙwarai. Wannan ɓarawo ne. Shi da tsutsarsa, rawaya mai ƙayoyi, sukan kankare ganyen kabewa da kankana da guna har ya koma kamar rariya. Sai a tsince su da sassafe a zuba cikin ruwan sabulu.

Ashe ganye shi ne babban mai shaida. In an ga ƙwaro a kan ganyen da ba a ci ba, ga kuma darɓa kusa, a bar shi ya yi aikinsa.

Muna kuma gargaɗi game da hangara, doguwa mai taushin jiki, wadda ke cin furen gero da na wake. Kada yaro ya murtsuke ta da hannu, don ruwan jikinta yana tayar da bororo a fata kamar ƙuna.

In an duba duka an rasa gane baƙon, sai a ɗauki hotonsa da waya, a aje tsinken ashana kusa da shi don a ga girmansa. A rubuta ranar da aka gan shi da shukar da yake kai, a nuna wa malamin gona. In ya gagare shi, akwai masana ƙwari a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya. Yaron da aka koya wa wannan hanya ba zai ruga sayen maganin feshi ba sai ya tabbatar da wanda zai fesa wa.