Furen Namakwaland Mai Iri Biyu

A arewa maso yammacin Afirka ta Kudu, daga kewayen garin Springbok har gaɓar Tekun Atlantika, akwai yankin Namakwaland, ƙasar mutanen Nama. Galibin shekara fako ne da duwatsu. A wurare da yawa ruwan shekara ba ya kai milimita 200, kuma cikin sanyin yankin yake sauka, wajejen Yuni da Yuli. Amma idan ruwan ya yi kyau, Agusta na kamawa sai ƙasa ta lulluɓe da furanni ruwan lemo, iya ganin ido.

Jagoran wannan ado wata 'yar ciyawa ce da masana ke kira Dimorphotheca sinuata. Dangin shuwaka da tazargade ce, duk da ba wanda zai kalle su ya ce gidansu ɗaya. Abin da ya haɗa su shi ne ƙirar fure: wanda kake ɗauka fure guda, taron ƙananan furanni ne a kai ɗaya, wasu cunkushe a tsakiya, wasu jere a gefe.

Ana yawan cewa tana jure fari. A ganina jurewa ba ita ce kalmar ba, domin zafi na tsananta take bushewa ƙurmus. Kauce wa farin take yi, ta shafe watannin rani tana ƙwaya a cikin yashi, tamkar shukar binne mai jiran ruwan farko.

Sunanta na Girkanci ma nan ya dosa, don yana nufin 'ya'ya masu siffa biyu. Furannin tsakiya suna ba da iri mai faɗi da fukafuki, iska ta kwashe shi nesa, kuma da ya ji danshi yake tsira. Na gefe kuwa kaushi gare shi, ba fiffike, nan gindin uwa yake faɗuwa, ga shi da jinkirin tsira. Idan yayyafin yaudara ya fito da na farko, rana ta ƙone shi, na biyu na nan kwance yana jiran baɗi.

Masu zuwa kallo a Gandun Namakwa, musamman sashen Skilpad, sun san ba a sammako. Furen ba ya buɗewa sai hantsi ya dubi ludayi, kafin la'asar sakaliya ya rufe, ranar hadari kuwa ko leƙowa ba ya yi. Rana yake fuskanta, saboda haka mai son ganinsa sosai sai ya juya wa rana baya.