Gargaɗi ga Matafiya: Arhar Motar Haya a Ƙasar Waje Tana da Ƙugiya

Jama'a, duk wanda ke shirin tafiya Turai, Amurka ko Dubai da niyyar ɗaukar motar haya ya tuƙa da kansa, ya dakata kafin ya biya ko sisin kwabo. Farashin da waya ke nuna maka somin taɓi ne. Cinikin gaske yana can yana jiranka a kantar kamfani a filin jirgi, lokacin da ka sauka a gajiye, kaya jibge, yara na ƙorafi, ga dogon layi a bayanka. A nan ake yi wa baƙo yankan ƙauna, kuma da sa hannunsa.

A ce ka ga ƙaramar mota a shafin dillalai, Yuro 12 a rana, an rubuta har da inshora. Ba ƙarya suka yi ba, rabin magana suka faɗa. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai doka ta wajabta inshorar da ke biyan wanda ka buge, don haka tana cikin kuɗin. Yawanci kuma akan haɗa da wani abu mai haruffa uku, CDW, wato alƙawarin kamfani cewa in motar ta lalace ba zai ɗora maka duka asarar ba. To amma yakan bar wani kaso a wuyanka, wanda Turawa ke kira ekses. Wannan kason sau da yawa yakan kai Yuro 1,000, a manyan motoci ya haura haka nesa ba kusa ba. Wani ya goge maka bamba a wurin ajiye motoci ya gudu, daga aljihunka za a cira. Sannan CDW ɗin galibi ba ruwanta da taya, gilashi, madubi, rufi, ƙarƙashin mota, ɓatan makulli, ko kuskuren zuba dizal a tankin fetur. Ku duba da kyau, ai waɗannan su ne abubuwan da suka fi samun baƙon direba.

Inda abin ya fi cutar mutanenmu shi ne wajen kati. Kamfani ba ya miƙa makulli sai ya kulle kuɗin jingina a katinka, wanda sau da yawa yakan kai adadin wancan kason. Da yawansu kuma katin bashi kaɗai suke karɓa, mai ɗauke da sunan wanda zai tuƙa. Mu kuwa akasarinmu katin cirar kuɗi muke riƙewa, ko da na asusun dala ne, katin naira kuma bankuna kan ƙayyade abin da zai iya kashewa a waje. Katin matarka ko na abokin tafiyarka ba zai yi ba in ba shi ne direban da ke cikin takarda ba, tsabar kuɗi kuma da wuya a saurare ka. Sai ma'aikacin ya yi murmushi ya ce akwai mafita: ka sayi babbar inshorarsu a rage jinginar. Kuɗin wannan inshorar a rana kan iya fin kuɗin hayar motar kanta. In ka ƙi, ka tafi a ƙasa, kuɗin da ka biya tun daga gida kuma mai yiwuwa ya bi ruwa. Kada wani ya ruɗe ka da dokar Turai ta kwana 14 da ke ba mai sayayya ta intanet damar fasa ciniki. Hayar mota ba ta cikinta.

Saboda haka, tun kana gida, buɗe sharuɗɗan kamfanin da zai ba ka motar, ba na dillali kaɗai ba. Nemo nawa ne kason da ke wuyanka, nawa za a kulle, wane kati suke karɓa. In ba ka gane ba, rubuta musu, ka ajiye amsar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wani tarko da ya kama har waɗanda suka saba tafiya. Shafin dillali zai tallata maka "cikakkiyar inshora" a kuɗi kaɗan, ka saya, hankalinka ya kwanta. Ka isa kanta a ce maka ba su san da ita ba. Kuma gaskiyarsu. Wannan yarjejeniya ce tsakaninka da wani kamfani na daban. In motar ta lalace, masu motar za su cire kuɗinsu daga katinka, kai kuma ka tattara rasit da hotuna ka bi wancan kamfanin ya mayar maka. Ni ban ce kada a saya ba, don sau da yawa ta fi ta kanta araha ƙwarai, kuma wasu sun haɗa da taya da gilashi. Sai dai ba ta rage jingina ko kwabo. Mai katin da zai ɗauki nauyin jinginar ita ce daidai da shi. Wanda ba shi da shi, gara ya lissafa inshorar masu motar a cikin kuɗin tun farko, ya ga ko arhar tana nan.

Amurka kuma nata salon daban ne, kuma ya fi haɗari. Can babbar barazanar ita ce wanda ka buge, domin kuɗin asibiti da na shari'a a ƙasar ba wasa ba ne. Kowace jiha da nata mafi ƙarancin inshora, kuma ƙarami ne. A Kalifoniya dala 30,000 ne ga mutum ɗaya da ya ji rauni, shi ma a 2025 aka ɗaga shi daga 15,000, kuma kamfanonin haya a jihar ba dole ba ne su haɗa maka da ita. Ba'amurke yana da inshorar motarsa ta gida da ke bin sa, kai baƙo ba ka da ita. Nemi ƙarin kariyar da ake rubutawa SLI ko LIS, ka tabbata ta fito a takardarka. Wannan ba wurin tsimi ba ne, kada garin neman gira a rasa ido.

Ko inshorar da ka saya da tsada tana iya tashi a banza. Ka miƙa wa ɗan'uwanka sitiyari don ka gaji alhali ba a rubuta sunansa ba, ta tashi. Ka tsallaka iyaka ba da izini ba, kamar daga Dubai zuwa Oman, ta tashi. Ka sauka daga kwalta ka shiga rairayi don ɗaukar hoto, ta tashi. Sai kuma ɗabi'armu ta gida, a yi ɗan karo, a fito a ba juna haƙuri, a ce Allah ya kiyaye gaba, kowa ya kama gabansa. Halin kirki ne, amma a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ko ƙaramin karo ne sai da rahoton 'yan sanda, in babu shi kai za ka biya. A Saudiyya kamfanin Najm ne ke zuwa ya rubuta rahoton haɗarin da babu rauni a cikinsa. Kada ka kai motar wurin bakanike a ɓoye.

Batun lasin ba shi da tsawo. Birtaniya na barin baƙo ya yi tuƙi da lasin ƙasarsa har wata 12, wasu ƙasashen kuma sai da takardar izinin tuƙi ta ƙasa da ƙasa, wadda ba ta aiki sai tare da lasin na asali. Ka tuna kuma a Ingila ta hannun hagu ake tuƙi, abin da Najeriya ta bari tun 1972.

To ina arhar gaskiya take? Tana cikin jimilla. Kwatanta abin da za ka biya gaba ɗaya: haya, inshora, direba na biyu, kujerar yaro, ƙarin da ake ɗora wa wanda bai kai shekara 25 ba, da kuɗin ajiye mota a wani gari daban. Duba ko an ƙayyade kilomita. Zaɓi tsarin karɓa da cikakken tanki ka mayar da cikakke, domin wanda ya biya kuɗin tanki tun farko yakan saya da tsada, ragowar man kuma ya bar musu kyauta. Kama mota da wuri a tsarin da ake fasawa ba tara, ka riƙa leƙawa, in farashi ya sauka ka soke ka sake kamawa. A Turai mai giyar hannu ta fi otomatik araha, ofishin cikin gari kuma sau da yawa ya fi na filin jirgi sauƙi. In na'urar kati ta tambaye ka da wane kuɗi za ka biya, zaɓi na ƙasar da kake ciki, canjin da na'urar ke yi ba alherinka ba ne.

Kada a ɗauka ƙorafin baƙi ne kawai. A 2015 sai da Hukumar Tarayyar Turai da hukumomin kare masu sayayya suka sa manyan kamfanoni biyar, Avis Budget, Enterprise, Europcar, Hertz da Sixt, suka yi alƙawarin fayyace farashi da sharuɗɗansu. In har Turawa da ke karanta takardar da harshen uwarsu sun koka, ina ga wanda ya sauka jiya?

Ranar karɓar mota, kada ka bari a gaggauta ka. Karanta takardar kafin ka sa hannu, don akan cusa abin da ba ka nema ba. Zagaya motar da waya kana ɗaukar bidiyo, har ƙafafu da rufi da gilashi da allon mai. Duk ƙwarzanen da ba ya cikin takarda, a rubuta shi kafin ka motsa. Ranar mayarwa ka sake yin haka, ka karɓi shaidar cewa ta dawo lafiya, ka riƙe rasit ɗin gidan mai.

Ko ka dawo gida kada ka goge hotunan. Wasu kuɗaɗen ma sai daga baya suke biyo ka. Kuɗin Salik na bin titunan Dubai na'ura ke ɗauka. Mashigar Dartford da ke gabashin Landan ba ta da rumfar biya tun 2014, ta intanet ake biya kafin tsakar daren washegari. Tsakiyar biranen Italiya irin su Rum da Fulorans akwai unguwannin da aka yi wa alamar ZTL, baƙon da ya kutsa tara ce, kuma takardar kan iso bayan watanni, kamfanin haya ya ɗora nasa ladan aikin a kai. Riƙa duba asusunka, in ka ga an cire abin da ba ka gane ba, nemi hujja a rubuce, ka kai wa bankinka ƙorafi da wuri, don shi ma yana da wa'adi.