Bin Sawun Yun Dong-ju a Birnin Seoul

Masu sha'awar adabi a Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, sukan yi tattaki don bin sawun marubucin waƙoƙi Yun Dong-ju. Akan fara daga Jami'ar Yonsei, inda ya kammala karatu a 1941, lokacin tana Kwalejin Yonhi. Daga nan sai unguwar Seochon, inda ya yi zaman haya, sannan a hau gangaren dutsen Inwang zuwa gidan tarihinsa, wanda aka buɗe a 2012 cikin tsohuwar tashar tura ruwa.

Hukumomin Japan sun kama shi a Kyoto a 1943, bisa zargin fafutukar 'yancin Koriya. Ya rasu a kurkukun Fukuoka a 1945, yana da shekara 27. Sai a 1948 aka buga kundin waƙoƙinsa.