Leftosfirosis: Cutar da dawakai da yawa ke ɗauka ba tare da an sani ba

Duk lokacin da likitocin dabbobi suka ɗebi jinin dawakai masu ƙoshin lafiya a gonakin kiwo domin neman alamar cutar leftosfirosis, sakamakon kan girgiza masu dawakan. A Amurka da Brazil da wasu ƙasashen Turai, bincike ya sha nuna cewa a wasu yankuna fiye da rabin manyan dawakai sun taɓa kamuwa da ƙwayar cutar, alhali suna cin harawarsu, suna sukuwa, babu wanda ya taɓa ganinsu kwance.

Ƙwayar da ke haddasa cutar wata bakteriya ce siririya mai murɗaɗɗen jiki da ake kira Leftosfira. Wani likita Bajamushe, Adolf Weil, ya bayyana mummunan nau'inta a jikin mutane a 1886, sannan masana biyu na Japan, Inada da Ido, suka gano ƙwayar a 1915. Mazauninta ƙodar dabbobi ne, musamman ɓeraye, sai shanu da aladu da karnuka da wasu namun daji. Tana fita ta fitsari, ta zauna makonni a ruwa mara gudu ko ƙasa mai danshi, amma rana da bushewa suna kashe ta da wuri. Doki na ɗaukarta idan ya sha daga kududdufi, ko ya ci dusar da ɓera ya yi wa fitsari, ko ya tsaya cikin taɓo da rauni a ƙafa. Shi ya sa cutar ke bin shekarun ruwa da ambaliya.

A nan ne ake yawan rikicewa. Gwajin jinin da aka fi amfani da shi ba ƙwayar cutar yake nema ba, sinadaran kariyar da jiki ya samar bayan haɗuwa da ita yake aunawa. Dokin da gwaji ya nuna yana da su, abin da aka tabbatar kawai shi ne ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, wataƙila shekarun baya. Don haka ne ake samun tsofaffin dawakai sun fi ƙanana nuna alamar, tun da sun fi daɗewa suna shan ruwan duniya. Kafin likita ya ce doki na fama da cutar a yanzu, yakan sake ɗibar jini bayan mako biyu ya ga ko sinadaran sun ƙaru, ko ya nemi ƙwayar kanta a fitsari. Ɗan kasuwar da ya fasa sayen ingarma saboda takardar gwaji guda, zai yiwu ya bar lafiyayyen doki ne a banza.

To amma 'yan kaɗan da cutar ke kayarwa, asararsu ba ƙarama ba ce. Mafi muni ita ce ta ido. Watanni bayan kamuwa, wani lokacin har shekara ko fiye, sai idon dokin ya kumbura, ya riƙa zubar da hawaye, yana runtse shi saboda haske. Bayan 'yan kwanaki abin ya lafa, mai doki ya ɗauka ƙura ce ko ƙuda. Sai ya sake dawowa. Kowane zuwa yana barin tabo a cikin idon, har yana ta rufe shi, ganin ya tafi. Turawan da can sun zaci wata ne ke kawo ciwon saboda yadda yake zuwa yana komawa, suka laƙaba masa suna makantar wata. A yau shi ne kan gaba wajen makantar da dawakai a duniya, kuma a Jamus, inda ake yi wa irin waɗannan dawakai tiyata, an sha samun ƙwayar Leftosfira a cikin ruwan idon da aka cire.

Ta biyu ita ce ɓari. Goɗiya na ɗaukar ciki kusan wata 11, cutar kuwa ta fi zubar da shi bayan wata na 6, lokacin da an riga an gama kashe kuɗi. Jihar Kentaki ta Amurka, cibiyar kiwon dawakan tsere masu tsada, ta san wannan sarai: ɓarin yakan taru ne tsakanin Nuwamba da Janairu, ya kuma ƙaru a shekarun da aka yi ruwa da yawa. A 2015 kamfanin Zoetis ya fitar da rigakafin farko na dawakai a ƙasar, amma nau'i ɗaya yake karewa, wato Pomona, alhali nau'o'in ƙwayar sun haura 200. A dukushi kuma cutar kan taɓa ƙoda, ta zo da zazzaɓi da shawara. Idan an gano da wuri, magunguna irin su fenisilin suna aiki.

Dokin ƙasar Hausa, na hawan sallah ne ko na folo, bai cika kiwo a fili ba, yana ɗaure ne a barga. Wannan bai raba shi da haɗarin ba, domin inda aka jibge buhunan gero da dusa, nan ɓera da gafiya suke kwana. Rufe hatsi a cikin durom mai murfi, wanke mazubin ruwa kullum, da gyara magudanar barga kafin damina sun fi kowace allura sauƙin kuɗi. Goɗiyar da ta yi ɓari a ware ta, domin takan ci gaba da fitar da ƙwayar a fitsari na tsawon makonni.

Cutar tana kama mutum. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2015 ya ce tana kwantar da kimanin mutum miliyan ɗaya a duniya kowace shekara, kusan 59,000 kuma suna rasuwa. Galibinsu daga fitsarin ɓera da ruwan ambaliya suke samunta, ba daga doki ba, amma yaron da ke share barga babu takalmi, ko ya ɗauki mabiyiyar goɗiya da hannu tsirara, yana cikin waɗanda abin ya shafa. Farkonta zazzaɓi ne da ciwon kai da ciwon sharaɓa, kamar zazzaɓin cizon sauro. Idan mai kula da dawakinka ya sha maganin maleriya zazzaɓi bai sauka ba, ko idanunsa suka yi ja ko rawaya, a kai shi asibiti, a kuma shaida wa likita irin aikin da yake yi.