Me XLE da Limited ke nufi a bayan Toyota Avalon?

Mai neman babbar motar iyali a unguwar Briqueterie ta Yawunde yakan ji dillali na cewa wannan XLE ce, waccan Limited. Waɗannan sunayen matakan ƙawa ne. Jiki ɗaya ne, galibi inji ma ɗaya, kayan cikin ne suka bambanta.

Avalon ita ce babbar salun ɗin da Toyota ta ƙera a jihar Kentucky ta Amurka daga 1994 zuwa 2022. A samfurin 2013 zuwa 2018, XLE ce matakin farko. Limited kuwa na da kujerun gaba masu hura sanyi da lasifikan JBL. Injin fetur ɗinsu guda ne: silinda 6, lita 3.5, ƙarfin doki 268, wanda ya koma 301 a samfurin 2019. Akwai kuma mai haɗa fetur da lantarki, wadda ta fi tsimin mai.

Ga mazaunin Yawunde, injin ne abin dubawa. Litar fetur ta kai sefa 840 a Fabrairun 2024, harajin mota kuma yana bin ƙarfin inji. Gindin Avalon ma a ƙasa yake, lungunan unguwa kuwa ba sa raga mata da damina. Kafin ka biya kuɗin Limited, sa makanike ya duba lambar shasi, domin tambarin baya kowa na iya manna shi.